Wayar Maigida

Wasu shirye-shiryen talabijin akan soke su bayan 'yan makonni. Wanda tashar Nine ta Ostiraliya ta fito da shi a 1992 ko dare ɗaya bai cika ba. Sunansa Australia's Naughtiest Home Videos, Doug Mulray ne mai gabatarwa, kayan cikinsa kuwa bidiyoyin da jama'a suka aiko: dabbobi suna sha'aninsu ba kunya, da 'yan Adam da ba su fi dabbobin kunya ba.

Ashe mai tashar, attajiri Kerry Packer, ya leƙa. Ya ɗauki waya a fusace, ya ce a cire abin yanzu-yanzu, da kalmomin da takarda ba za ta ɗauka ba. Ana tsakiyar kallo sai ga tsohon shirin Cheers na Amurka. Tashar ta sanar wai matsalar na'ura ce. To, lallai na'ura ce mai murya, kuma ita ke biyan albashi.

Aka rufe wa Mulray ƙofar tashar. Packer ya rasu a 2005. Jarumta ta sauko wa ma'aikata a 2008, suka sake nuna shirin har ƙarshe.