Daren da Na Kwana Ina Kwatancen Gidan Java

Saura kwana biyu in miƙa babi na huɗu na kundin digirina na biyu, R ta ce ba ta san zancen ba. R manhaja ce ta lissafi da ƙididdiga da Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙiro a Jami'ar Auckland a farkon shekarun 1990. Kyauta ce, shi ya sa mu masu ƙaramin aljihu muka rungume ta. Sai dai duk aikin da ya wuce na yau da kullum, sai ka leƙa rumbunta, CRAN, ka ɗauko ƙari.

Alƙalumana suna cikin Excel, sai na ɗauko ƙari mai suna xlsx. Ashe xlsx ba ya motsi sai da rJava, rJava kuma sai da Java. Mutum ɗaya na gayyata walima, ya zo da ƙanensa, ƙanen ya jawo maƙwabci. Na sauko da su duka. R ta watso mini jan rubutu, wai ba ta san JAVA_HOME ba.

Wannan JAVA_HOME ba wani abu ba ne illa kwatance: suna ne da ake ajiyewa tare da adireshi, manhaja ta duba ta san inda 'yar'uwarta take zaune. Na ce ai mu ne gwanayen kwatance. Na kira umarnin Sys.setenv, na kwafo adireshin yadda Windows ke rubuta shi. R ta yi tsalle ta dire, domin a wurinta karan nan mai jingina baya yana da wata ma'ana daban. Na juya karan ya kalli gaba. Aiki ya tashi! Har na yi wa kaina kirari.

Sai aka ɗauke wuta, batir kuma dama rabon da ya riƙe caji tun bara. Da wuta ta dawo, R ta manta gidan Java sarai, don kwatancen Sys.setenv ba ya wuce zama ɗaya. Mai ɗorewa sai a fayil mai suna .Renviron, wanda take karantawa duk lokacin da aka buɗe ta. Na rubuta shi a Notepad, na rufe, na buɗe. Shiru. Na sake, na sake, na hura wa madannai iska, na fara zargin mutanen ɓoye, har ladan ya kira assalatu.

Da safe ɗan yayata, ɗan aji biyu a jami'a, ya shigo gaisuwa.

"Kawu, lafiya idanunka suka yi ja?"

Ya danna wuri biyu, sai ga sunan fayil ɗin ya fito da wutsiya: .Renviron.txt. Notepad ne ya liƙa ta, Windows kuma ya ɓoye. Ya guntule wutsiyar, komai ya daidaita.

"Amma Kawu, Excel kawai za ka karanta? Me ya hana ka ɗaukar readxl? Shi ba ruwansa da Java."

Minti ɗaya bai cika ba ya sauko da shi, alƙalumana suka jeru reras. Na ba shi kuɗin mota, na roƙe shi kada uwarsa ta ji.

Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Ɗan'uwa, kafin ka kwana kana yi wa kwamfuta kwatance, tambayi yaran gidanku tukuna.