Yadda Na Kai Ƙanƙara Dutsen Kwatarkwashi

Tun da ɗan ƙanwata ya dawo Jangeru daga karatu a Yuganda, majalisarmu ba ta sake jin wani zance ba sai na duwatsun Ruwenzori. Wai tsayinsu ya kai mita 5,109, kuma ƙanƙara daskare take a kansu rani da damina. Wai Turawa kan biya 'yan jagora da 'yan dako su yi mako guda suna hawa, in sun sauko su shiga jirgin ruwa a Jinja, su ga inda Kogin Nilu ke fita daga Tafkin Biktoriya.

Da abin ya ishe ni na ce, "Yaro, duk wanga abu akwai shi Zamfara. Dutsi ga Kwatarkwashi, tafki ga Bakolori."

"Ƙanƙarar fa, Kawu?"

"Ana sayarwa Gusau."

Lokacin hanya tana lafiya, ga bazara ta kankama. Muka bi ta Ƙauran Namoda, a Gusau na sayi ƙatuwar ƙanƙara aka naɗe mini a buhu, hantsi bai gama ɗagawa ba muna gindin dutse. Saurayin da muka ɗauka jagora ya dubi shaddata mai sitaci, ya dubi takalmina sau-ciki, ya ce a ba shi kuɗinsa tukuna. Na miƙa masa buhu, ya ce shi nuna hanya aka ɗauke shi. Ɗan ƙanwata kuma hannunsa na riƙe da waya. Haka kaya suka dawo kan mai su.

Dutsen sumul yake. Da takalmi santsi, babu takalmi wuta. Kafin mu yi nisa ƙanƙara ta fara zuba ta ƙeya, ta bi gadon baya, ta sauka inda dattijo ba ya son a ga lema. Wani yaro mai kiwon awaki ya wuce mu a guje, ya waiwayo ya ce, "Sannu Baba, Allah shi ba ka lafiya."

Jagora na gaba yana ba da labarin mikiyoyin da dutsen ya yi suna da su, da iskokin da mutanen zamanin da suke girmamawa. Ina haki na hango tsuntsu yana shawagi a kaina, na ce a ɗauki mikiya hoto.

"Ungulu ce, Alhaji. Kai take dubi."

A wata inuwa na yanke hukunci cewa nan ne ƙololuwa. Muka kwance buhu, abin da ya rage bai fi sabulun wanka ba. Saukowa kuwa da mazaunai na yi ta, shadda ta biya kuɗin hanya.

Washegari muka nufi Talatar Mafara, sai Bakolori, madatsar da aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato. Na tambayi jirgin 'yan yawon buɗe ido, aka nuna mini wani masunci da kwalekwalensa. Ina zama ya miƙo mini ƙoƙo.

"Na mi ne?"

"Na kwarfe ruwa. In ka tsaya, mun tsaya."

Na biya kuɗi, na kuma kama aiki. Da muka juyo, ɗan ƙanwata ya ce in miƙe ya ɗauke ni yadda Turawa ke yi. Masunci ya ce kul, amma na riga na tashi. Iska ta ɗauke hula, na kai mata hannu, kwalekwale ya kife.

Na yi salati, na yi kalmar shahada, na ɗaga murya na ce duniya ta shaida na yafe wa duk wanda nake bi bashi, har na fara kiran sunaye. Na kai na huɗu sai na ji masunci a kaina.

"Alhaji, miƙe tsaye mana."

Ruwan iya cinya ne. Wayar yaron ko ɗigo bai taɓa ta ba, kuma ba ta daina ɗauka ba.

Ranar Alhamis na shiga kasuwar Shinkafi karɓar kuɗin buhunan gerona. Mutum huɗu suka tarbe ni da fara'a, kowa da wayarsa a hannu, suna ta sa mini albarka. Na biyar ya ja ni gefe, ya tambaye ni yaushe zan koma Bakolori, don shi ba a kai ga sunansa ba.