Mutanen Bakin Fili

Da an karye masara, an yanke dawa, hunturu ya fara busar da leɓe, sai kakar ƙwallon makarantu ta buɗe a ƙasar Ƙanƙara. A 'Yargoje ba a buga wata sanarwa. Za ka dai ga yara sun fito da fartanya suna kankare filin makaranta, wasu na bin layi suna zuba toka, in an yi dace wani mai hali ya kawo buhun farar ƙasa, tunda ita dai Allah ya hore wa Ƙanƙara. Yara goma sha ɗaya ne ke shiga fili. Sauranmu, masu gemu da iyali, mu ne a bakin layi, kuma mu muke cin kakar. Su yaran gudu ne kawai rabonsu.

Na farko shi ne malamin wasanni. Lissafi aka ɗauke shi ya koyar, amma da yake shi ne ƙarami a ɗakin malamai, aka rataya masa usur. Dabararsa ta wasa ba ta wuce kalma uku ba: "Ku buga gaba!" In an tafi hutun rabin lokaci ya buɗe kwalin gulukos, kowa ya miƙo tafin hannu ya lashe, ya ƙara da cewa a ji tsoron Allah a buga gaba. Ba na ganin laifinsa. Daga aljihunsa yake sayen ruwan leda.

Bayansa kuma akwai kociyoyin da ba wanda ya naɗa, su wajen arba'in. Waɗannan a gidan kallo suka yi karatunsu, gaban Firimiya da Laliga, kowa da Gadiyolansa a baki. Yaro ba takalmi, a filin da har yanzu kunyar gyaɗar bara ba ta gama kwanciya ba, amma za ka ji ana yi masa tsawa ya fara ginin wasa daga baya. Ya ba ɗan'uwansa ƙwallo a ƙasa, ta ci karo da kututture ta koma wajen abokin gaba, sai kocin da ya ba da shawarar ya riƙe kai ya ce yaran yanzu ba sa jin magana.

Sai Baba tsohon ɗan wasa, mai zuwa da kujerarsa. Shi a duniyarsa har gobe gola na iya kama ƙwallon da ɗan bayansa ya turo masa da ƙafa, alhali tun 1992 aka hana. Kullum labarinsa ɗaya: zamanin Shagari, Kano Pillars ta aiko mota a ɗauke shi, mahaifinsa ya ce noma ya fi. Wani ɗan boko ya taɓa ce masa, "Baba, ai Pillars a 1990 aka kafa ta." Baba ko gezau. Ya ce to Raka Robas ce, wadda ta ci gasar ƙasa a 1978, tsufa ne ya haɗa masa sunayen. Badi in Allah ya kai mu Pillars ɗin za ta sake aiko motar.

Amma duk cikin jama'ar nan babu wanda nake jira da ɗoki irin ɗan haya.

Ɗan haya ba a ganinsa a wasannin farko, lokacin da ake karawa da ƙananan makarantu. Sai an kai zagayen da in an ci ka ka fita, sannan da hantsin ranar wasa wani babur zai tsaya bayan ofishin shugaban makaranta, a sauke wani bawan Allah mai faɗin ƙirji, a shigar da shi ta ƙofar baya. Tun da asuba ya biya wajen mai aski, saboda haka haɓarsa ta fi sauran fuskarsa haske, ga 'yan ɗigon jini inda aska ta yi gaggawa. An aro masa wandon makaranta, ya kama cinyarsa kamar fatar kalangu. A takarda shekarunsa goma sha shida, ajinsa SS 2, kuma an ba shi sabon suna wanda ya kwana yana haddacewa.

Wajen tantancewa ake shan kallo. Alƙalin wasa ya jera yara, yana kiran suna ana amsawa. Ya kira sunan mutumin namu sau ɗaya, shiru. Sau biyu, shiru, yana can yana kallon shaho a sama. Sai kyaftin ya zungure shi da gwiwar hannu, ya zabura ya ce "Na'am, Yallaɓai," da muryar da ta fi ta alƙalin kauri. A tambaye shi aji, ya ce SS 2. A ce A ko B? Ya ɗan yi nazari ya ce yakan shiga duka biyun. A ce wa ke koya muku Bayoloji? Ya ce ai malamin sabon zuwa ne, bai riƙe sunansa ba tukuna. Malamin Bayolojin kuwa yana tsaye gefensa, shekararsa goma sha wani abu a makarantar, yana riƙe masa ruwa.

FIFA ma ta sha fama da wannan. A 2009, shekarar da Najeriya ta karɓi baƙuncin gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, har aka buga wasu wasannin a Kano da Kaduna da Bauchi, sai da aka kawo na'urar duba ƙashin wuyan hannu don a gane wanda ƙashinsa ya riga ya rufe. Mu nan ba mu da na'ura, amma muna da Inna mai awara, wadda ke zaune da kaskonta bayan raga. Ita ba ta buƙatar wuyan hannun kowa. Ta ɗaga ido ta dube shi sau ɗaya ta ce, "Wannan ba ɗan wance ba ne? Ai shekarar da Abacha ya rasu aka haife shi, na ci tuwon sunansa." Kowa ya yi lissafi daga 1998 a zuciyarsa, kowa ya yi shiru.

Abin da ya sa ake shirun kuwa, ɗaya makarantar ma ta zo da nata. Malaman wasannin biyu za su gaisa, wannan ya kalli lamba taran wancan, wancan ya kalli lamba biyar ɗin wannan, su yi murmushi su tambayi juna iyali. Wani lokaci 'yan hayar biyu ma abokai ne, rumfarsu ta faci ɗaya a bakin tasha. Makon jiya tare suka buga wa wata makaranta ta wajen Faskari, in kuma aka yi sa'a mako mai zuwa a gan su a Sabuwa da wasu sunayen.

A cikin fili ba ya wahalar da kansa. Gudu na yara ne. Shi yana tsaye hannu a ƙugu yana jiran a kawo masa, in ta zo ya juya sau ɗaya, yaro biyu su zube, ya sheƙa ta da ƙarfin da gola mai hankali zai kauce ya bar wa raga. Sai fili ya ɗauki sowa, ana cikin haka wata 'yar yarinya a kafaɗar yayanta ta ƙwalla kira, "Baba! Baba ya ci!" Ladansa kuɗin mai, da kwanon garau-garau, da lemon kwalba guda. In an tashi ya cire jesin, ya ninke ta da kyau ya mayar, ya ce a gaida shugaban makaranta, zai wuce saboda akwai tayar da ya bari a buɗe. Ni dai ban taɓa iya jin haushinsa ba. Ƙafar nan tasa ta gaske ce, kuma da a ce wani ya gan ta lokacin da shekarun takardar nan suke nasa na gaskiya, da wataƙila a filin Muhammadu Dikko na Katsina muke zuwa kallonsa.

Maganar haya ba ta tashi sai an ci mutum. Nan ne marubucin ƙorafi ke fitowa. Shi tun kafin a hura usur na ƙarshe ya yagi takarda daga tsakiyar littafin wani ɗalibi, ya jingina da sirdin babur, ya fara da "Bayan gaisuwa mai yawa" zuwa ga kwamitin gasa. Yana da baiwar ganin gemun ɗan makarantar wasu daga nisan zango guda, na makarantarsu kuwa ko a gabansa aka aske ba ya gani. Galibi malamin harshe ne, mai kyan rubutun hannu, mai son a ce ya iya jera magana. Irinsu ne ma in kaka ta wuce, hannu ya saba, sukan koma rubuta wa mujallu labarin halayen mutane.

Mai asiri ba ya daɗewa a fili. Tun kafin gari ya waye ya binne layarsa gindin turken raga, ya karɓi abin sadaka, ya ce ko da bindiga aka harbo ƙwallo ba za ta shiga nan ba. Abin da bai taɓa sawa a lissafi ba shi ne ana sauya gida bayan hutun rabin lokaci.

Alƙalin wasa kuwa, ka duba inda ya ajiye babur ɗinsa ka san irin hukuncin da zai yi. In ya juya kan babur ɗin ya fuskanci hanya, ya bar makulli a aljihun gaba, to akwai fenaretin da yake shirin bai wa baƙi. Agogonsa rana ce. Duk wanda ya san hanyoyin nan namu, tun ma kafin daren Disambar 2020 da aka kwashi ɗalibai sama da ɗari uku a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, ya san ba a son magariba ta riski baƙo a daji. Don haka zagaye na biyu yakan zama minti arba'in da biyar, yakan kuma zama ashirin da biyar, kuma wannan ne hukunci ɗaya tak da ban taɓa jin an yi masa gardama a kai ba.

Akwai kuma mai kawo labari, wanda ke bin yara wasan waje ya rigayi kowa dawowa. A bakinsa ba a taɓa cin mu ba, sai dai a zalunce mu. Zamaninsa na zinariya shi ne ƙarshen 2021, watannin da aka katse layukan waya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da sauran ƙananan hukumomin da abin ya shafa. Ba mai bugawa ya tambaya, ba mai duba Facebook. A bakin mutumin nan har Asenal sai da ta yi wata uku ba a zura mata ƙwallo ba.

Ɗan siyasa sai ranar wasan ƙarshe, kuma shekarar da zaɓe ya matso. Ya kawo jesi mai hotonsa a ƙirji, hoton ya fi lambar girma, ya buga ƙwallon buɗe wasa da babbar riga, ya yi alƙawarin katange fili. Ana gama ɗaukar hoto yaransa su mayar da kofin but ɗin mota, don gobe akwai wani wasan ƙarshe a wata gunduma.

Duk waɗannan na yafe musu. Wanda ban yafe wa ba shi ne mai kai yara Turai.

Yakan zo da jaka a rataye da baƙin gilashi, ya tsaya nesa da hayaniya yana rubuce-rubuce, don a tambayi ko wane ne. Bayan wasa ya kira yaron da ya fi kowa haskawa, ya dafa kafaɗarsa, ya nuna masa hotuna a waya. Sunan Ahmed Musa ba ya barin bakinsa: daga Pillars zuwa Holan, zuwa Rasha, zuwa Ingila, kai me zai hana ka? Ba ya faɗin cewa sai da Ahmed Musa ya zura ƙwallo 18 a kaka guda a gasar ƙasa, a idon duniya, kafin ya tsallaka. Ba ya faɗin cewa dokar FIFA ta hana kulob na waje ɗaukar yaron da bai kai 18 ba sai bisa wasu 'yan ƙalilan sharuɗɗa da ɗan 'Yargoje ba ya cikinsu. Da dare ya je ya durƙusa gaban mahaifin yaro, "Baba, Allah ya ba ka arziki a gidanka ba ka sani ba." Daga nan sai kuɗin fom, sai kuɗin gwaji a Kaduna, sai kuɗin fasfo, sai na wani Bature da zai iso ranar Laraba.

Mutanen nan da yake bi gida-gida, wasunsu rabin gonarsu kawai suka iya nomawa don tsoron daji, wasu bashin kuɗin fansar ɗan'uwa bai sauka daga wuyansu ba. A hakan uba zai fitar da buhunan masarar da ya tanada don bazara, uwa ta kai tunkiyarta kasuwa. Na ga yaro ya bar jarrabawar NECO ya tafi gwajin nan, ya kwana biyu a tasha yana kiran lambar da ba ta shiga, sai wani direban Funtuwa ne ya tausaya ya dawo da shi kyauta. Har yau bai sake sa ƙafa a filin makaranta ba, kunya ta hana shi, kuma shi ne lamba goma mafi kyau da muka yi. Ɗan haya ƙwallo biyu yake sata ya tafi da kwanon shinkafa. Shi kuwa mai kai yara Turai abincin gida guda yake ɗauka, ya haɗa da karatun yaro, kuma a sallame shi da addu'a.

An ce bana wajen Faskari ya nufa, ya sauya gilashi, Baturen ma ya tashi daga ɗan Beljiyam ya koma ɗan Turkiyya. Mutanen Faskari, kunnenku nawa?