Yadda Za Ka Kai Iyali Wajen Lilo a Jos Ka Dawo Kauru da Sauran Numfashi

Ran Laraba muka dawo daga Jos, yau Asabar, har yanzu in zan sunkuya alwala sai na dafa bango. Buhu huɗu na masara na kai Saminaka saboda wannan tafiya, abin da na dawo da shi kuwa mura ce da balan-balan ɗaya, shi ma ya fashe tun kafin mu wuce Jengre. Don haka ina ganin na kai matsayin ba da shawara. Ba zan ce maka ka tanadi kuɗi ko ka duba taya ba. Duk magidancin da ya furta wa yara kalmar "lilo" da bakinsa ya riga ya wuce inda irin wannan nasiha take amfani.

Shawara ta 1: Ka ƙirga masu tafiya, sannan ka ƙara uku.

Mu bakwai muka shirya: ni da uwargida da yara biyar. Ranar da za mu kama hanyar Pambeguwa sai na tarar mun zama mutum goma a ƙofar gida. Ƙanwar uwargida ta zo "don ta taya riƙon yara", ɗan maƙwabci uwarsa ta riga ta yi masa wanka ta shafa masa mai, wa zai iya korar yaron da aka shafa wa mai? Sai Gwaggo da ƙullin kayanta. "Ɗan nan, tunda Allah Ya sa za ku Jos, a duba mini idon nan." Ka riƙe wannan kalma ta "tunda", ita ce ta fi man fetur cin kuɗi a ƙasar nan.

Shawara ta 2: Masauki.

Da ma akwai zaɓi. Kaduna na da lambun Gamji a bakin kogi, inda gadar Lugga take, wadda aka ɗauko daga Zungeru. Abuja na da Magicland, ga wanda masararsa ta fi tawa albarka. Na zaɓi Jos saboda dalili ɗaya tak: ina da ɗan uwa a can, masauki kyauta.

Bari in yi bayanin kyauta. Ba a shiga gidan ɗan uwa hannu rabbana, don haka rabin buhun masara ya hau saman mota, da kaji biyu, da galan ɗin zuma. Da safe ka ga mutum goma sun ƙaru a kan tukunyar matarsa, kunya ta sa ka miƙa kuɗin cefane, ta ce "haba Yaya, ai da ka bari", hannunta kuwa ya riga ya rufe a kansu. Da dare, bayan an ci an sha, maigidan ya ja kujera kusa da kai, ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Yaya, ka san halin makarantun garin nan kuwa?" Daga nan ba sai an gaya maka ba. Kwana ɗaya na yi a masaukin kyauta, na lissafa, na ga da otal mai bene na kama da na yi riba. Washegari na ce yara suna damun su da ƙiriniya, muka yi godiya, muka nemi gidan saukar baƙi mai arha.

To, ga abin da ba wanda ya gaya mini. Jos tana kan tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, mu kuma a watan Disamba muka je, tsakiyar hunturu. Mu mutanen Kauru muna taƙama mun san sanyi. Ba mu san komai ba. Sanyin Jos ba ya tsayawa a fata, ƙashi yake nema, ya zauna a ciki kamar ya biya haya. Saboda haka tambaya ɗaya ce take da muhimmanci kafin ka biya kuɗin ɗaki, kuma na yi ta.

"Akwai ruwan zafi?"

"Akwai, Alhaji, in an kawo wuta."

"Ana kawo wutar?"

"Ana kawowa. In ba a kawo ba akwai janareta."

"Yaushe ake tada shi?"

"In baƙi sun yi yawa."

Na waiwaya na dubi mutum tara a bayana, na ce waɗannan fa? Ya ce ɗaki ake ƙirgawa, ba kai ba, mu kuwa ɗaki biyu muka kama. Ban ga laifinsa sosai ba, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowane janareta a Najeriya ya zama dattijo, ba ya magana sai da dalili. Amma bargon fa? Bargon da suka ba mu, in ka ɗaga shi sama kana iya karanta kalandar bango ta cikinsa. Ni da yara maza uku da ɗan maƙwabci a katifa ɗaya, kowa na jan nasa gefen, ƙafar wani a haƙarƙarina har asuba. Da asubar kuwa na taɓa ruwan famfo, na tsaya ina tuno duk abin da malaminmu ya karantar a babin taimama.

Shawara ta 3: Ranar hutu.

Wannan dabara a wayar ƙanwar uwargida aka samo ta. Wai Turawan da ke zuwa Disney a Florida ta Amurka, wanda aka buɗe tun 1971, sukan yi kwana biyu suna yawo, rana ta uku su kwanta a bakin wurin ninƙaya su huta. Na ce madalla, abin kirki ba ya da ƙabila. Muka tsara: Litinin lilo, Talata hutu.

Ga yadda Talata ta kasance. Ƙarfe bakwai na kai Gwaggo asibiti. Ƙarfe goma uwargida ta ce, "Malam, tunda yau ba mu da abin yi, bari mu leƙa kasuwar Taminus mu ga rigunan sanyi." Leƙawa. Ta leƙa har la'asar, ta dawo da ƙunshin gwanjo da buhun dankalin Turawa da kabejin da zai ciyar da unguwa. Yara kuwa, ka taɓa kulle yara shida a ɗaki ɗaya ka ce su huta? Yaro ba ya hutawa, caji yake yi. Kafin azahar sun mai da katifa lilo, ƙafar gado ta tafi, na biya. Don in cece sauran kayan ɗakin na kwashe su zuwa gidan tarihi, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, na biya kuɗin shiga domin in nuna musu kawunan yumɓu na Nok. Nok ɗin nan fa ƙauye ne a ƙasar Jaba, a nan kudancin Kadunarmu. Wato na sayar da masara, na hau tudu, na sha sanyi, don in gai da maƙwabta.

Ranar hutu ta ci ninkin abin da ranar lilo ta ci. A rubuta wannan a manna a kowace tasha.

Shawara ta 4, ko ta 5 ce, ita ce ka tafi da abincinka daga gida. Mun tafi da dambu. An cinye shi kafin Saminaka. A bar wannan.

Shi lilon kansa, da yake saboda shi aka yi duk wannan, ga labarinsa. Wata uku Auta yana kuka a kan lilo mai juyawa da ya gani a talabijin. Shi ya hana ni barci, shi ya sa na buɗe rumbu. Muka isa, na yanki tikiti, muka bi layi, layi ya zo kanmu. Ya ɗaga kai ya dubi abin yana juyawa, ya ƙanƙame ƙafata, ya ce shi gida zai tafi. Na lallashe shi, na yi masa alkawarin alawa, na yi masa barazana a kunne cikin murmushi saboda mutane na kallo. Ko gezau. Tikiti kuwa an riga an yanka. Uwargida ta ce, "Malam, kar kuɗin ya tafi a banza." Haka na tattare babbar riga, magidanci mai furfura, na zauna tsakanin yara biyu 'yan firamare da ban san iyayensu ba. A zagaye na biyu hulata ta tashi. A na uku na fara salati da ƙarfi, yarinyar da ke gefena ta ce, "Baba, ka rufe ido." Ƙanwar uwargida, wadda ta zo riƙon yara, tana ƙasa tana ɗaukar bidiyo. Kafin mu dawo rabin Kauru sun gani.

Ni fa ban gane ba, wallahi. Wa ya ce dole ne? Iyayenmu sun kai mu ina? Matsirga na nan kusa da Kafanchan, ruwa na zubowa daga dutse dare da rana, ba janareta, ba a jiran baƙi su yi yawa. Duwatsun Kagoro na nan. Ka je da safe, ka kwana a gadonka da bargonka. Amma a'a, sai wanda aka gani a talabijin, sai wanda ke juya mutum har ya manta sunan kakansa.

Shawara ta ƙarshe ita ce ka ajiye ranar hutunka ta gaskiya sai ka dawo gida. Ni Alhamis na ware. Tun da hantsi masu sannu da zuwa suka fara sallama, kowa na gaisuwa idonsa na kan buhun dankali. Da yamma Gwaggo ta aiko da katin asibiti, ashe likita ya ce ta koma bayan mako uku. Ina riƙe da katin ina kallonsa sai ga Auta ya zo ya dafa gwiwata.

"Baba, tunda za ka koma, yanzu na daina tsoro."