Fijo 504 a Gaban Masu Duba Mota

Fijo 504 mota ce da kamfanin Peugeot ya fito da ita a Faransa a 1968. A 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai, a 1975 kuma Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya da ita. A wannan shekarar ce masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara aiki, ta ci gaba da harhaɗa 504 har wajen 2006, alhali Turawa sun sallami salun ɗinta tun 1983. Gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta mai da ita motar manyan ma'aikata, masu haya suka rungumi wagon, 'yan kasuwa suka ɗauki akori-kura. Ke nan autar 504 ta Kaduna ta isa aure tuni, yayyenta sun doshi hamsin, kuma da yawansu har gobe suna kan titi.

Dalilin wannan tsawon rai a fili yake. Injinta mai silinda huɗu ne da kafireto, babu kwamfuta a cikinsa, don haka duk bakaniken da ke da sifana da filaya yana iya yi mata magani a gindin bishiya. Ƙafafun baya ne ke tura ta, ƙarfen da ke kai musu ƙarfin inji yana ɓoye cikin bututu mai kauri, ƙafafun kuma suna da dogon lilo, shi ya sa take haɗiye ramuka. Sai dai iya tafiya daban, cin jarrabawa daban.

A Nijeriya doka ta wajabta wa mota takardar shaidar lafiya, wadda jami'an duba motoci na jiha, wato 'yan VIO masu fari da baƙi, ke bayarwa. Motar gida shekara-shekara ake sabunta mata, motar haya kuwa a wasu jihohi wata shida-shida. Dubawar iri biyu ce. Akwai ta ido, inda jami'i zai zagaya mota, ya sa a kunna wannan a kashe wancan. Akwai kuma ta na'ura, wadda Legas ta buɗe wa cibiyoyi a 2017, daga Janairun 2022 ta ce wanda bai kawo motarsa an duba ba, ba shi ba takarda. A irin wannan cibiya ana ɗora ƙafafun mota kan wasu gangunan ƙarfe masu juyawa don auna birki, a zura wani tsinke cikin salansa don auna hayaƙi, a haska fitila cikin wani akwati, sannan a tsayar da motar bisa rami a leƙa cikinta. Na'ura ba ta amsa gaisuwa, kuma ba ruwanta da cewa motar ta taɓa ɗaukar hakimi.

Abin da aka fi farawa da shi fitilu ne, kuma nan ne Fijo ke fara tuntuɓe. A tsawon shekarunta ta ratsa hannun masu gyaran wuta bila adadin, kowanne ya ƙara waya, babu wanda ya taɓa cire ta wani. Idan wayar da ke maƙale da bodi ta yi tsatsa, sai wuta ta nemi wata hanyar komawa. Shi ya sa ake taka birki sigina ta kama, a kunna sigina fitilar lamba ta soma ƙyaftawa. Wanda ya buɗe gidan fiyus zai tarar da takardar azurfa ta kwalin sigari an naɗe ta an cusa. Hon kuwa ya daɗe da yin ƙaura daga mazauninsa, ya koma wasu wayoyi biyu da ke reto a gefen sitiyari, sai an haɗa bakinsu yake kuka.

Waifa na biye. Da zarar damina ta wuce an manta da ita, rana da hunturu su busar da robar, sai ƙarfe ya riƙa zana baka a gilashi. Galibi ɗaya ce ta rage, ta gefen direba, bisa hujjar cewa fasinja ba shi ke tuƙi ba.

Taya tana ɗauke da ranar haihuwarta a gefe, lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Taya mai 2318 an yi ta a mako na 23 na 2018. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗin cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar da aka yi ta. Mai Fijo yana da nasa ma'aunin: muddin tana riƙe iska daga asuba zuwa magariba, sabuwa ce.

Birki ne babbar magana. Idan iska ta shiga bututun man birki, ko robobin ciki suka gaji, taku ɗaya ba ya tsayar da mota. Direbobin tsohuwar Fijo sun san tsarin: takun farko sallama ce, na biyu tunatarwa, na uku ne birki. Na'ura kuma takun farko take rubutawa. Birkin hannu yana aiki da wata igiyar ƙarfe da ke zuwa ƙafafun baya, wadda kan cije da tsatsa ko ta tsinke. Gurbinta ake cikewa da giya ta ɗaya da wani dutse mai kusurwa da ke da mazauni na dindindin a ƙarƙashin kujera.

Saura hayaƙi da ƙarƙashi. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce ringi ya cinye, baƙin mai na ƙonewa tare da fetur. Baƙi ƙirin kuma kafireto ne ke ba inji fetur fiye da kima. A ƙarƙashi, tsatsa kan ci daɓen mota har fasinjan gaba ya riƙa kallon kwalta tsakanin ƙafafunsa, sai a shimfiɗa kwali a ɗora tabarma. Inji da giya da ƙashin baya, waɗanda su ne abin alfaharin Fijo, kaɗan ne rabonsu a takardar jarrabawa. Ƙananan abubuwa ne ke kayar da ita.

Daga nan ne aka sami al'adar shirin jajibiri, wadda ginshiƙinta aro ne. Ana aron taya, ana aron batir, ana aron safaya da jak da alamar nan mai kusurwa uku. Tukunyar kashe gobara guda ɗaya tana iya wakiltar tasha sukutum. Wasu kan ƙara baƙin mai mai kauri don hayaƙi ya lafa na yini guda. A ƙarshe a wanke motar tas, a goge tayoyi su yi ƙyalli.

Misali ɗaya ya isa nuna yadda wannan shiri kan ƙare. Wani malamin makaranta mai ritaya yana da salun fara. Ya ari tayoyi huɗu wurin maƙwabcinsa, batir wurin amininsa, tukunyar gobara wurin wani direba. Da yake motar ba ta tashi da makulli sai da turi, 'yan unguwa suka tura ta da safe, ya ɗauki jikansa, ya ƙudurta ba zai kashe ta ba sai an gama. Fitilu suka ba da haɗin kai, in ban da sigina ta hagu, wadda ba ta kama ba sai da jikan ya ɗan mari bodi. Da aka zo kan kayan but, jami'in ya ɗaga tukunyar ya juya ta, sai ga lambar wata motar an rubuta da fenti a gindinta.

"Baba, wannan tukunyar tun safe muke gaisawa da ita. Kai ne na huɗu."

"Yallaɓai, ai gobara ba ta tambayar ta wane ne."

Aka wuce wurin. Jami'in ya sa a hau da motar kan ɗan gangare a ja birkin hannu. Malam ya ja, sandar ta taso har kusa da kafaɗarsa ba tare da wata gardama ba, mota ta soma komawa baya a hankali wajen layin masu jira. Yaron, wanda ya san aikinsa, ya yi wuf ya dira da dutse ya danna a bayan taya, ya ɗago yana murmushi.

"Ga shi nan ya kama, yallaɓai."

Jami'in ya yi rubutu mai ɗan tsawo. Sannan ya ce, "To Baba, kashe ta ka sake tayarwa."

"Ranka ya daɗe, in an kashe ta, wa zai tura?"

Aka kashe ta. Ana cikin wannan sai ga maƙwabci a kan acaɓa, ya zo karɓar tayoyinsa, an yi masa rasuwa a ƙauye, kuma tasa motar tana gida a kan bulo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tun da motar ta tare hanya, masu jira da jami'in kansa ne suka tura ta waje, ta tashi, ta bar musu hayaƙi shuɗi a matsayin godiya. Da Malam ya zauna lissafi, kuɗin mai faci na cirewa da mayarwa, da kuɗin acaɓan maƙwabci, da goron masu turi, sun kusa sayen igiyar birki da ƙwan fitila da robar waifa. Ya gyara waɗannan, ya sa aka duba kik da ringi, ya sayi tayoyi da tukunya tasa ta kansa, ya koma, motar ta ci.

A Ingila, inda aka fara gwajin lafiyar mota mai suna MOT a 1960, mota na shiga jarrabawa kowace shekara da zarar ta cika uku. Tun 2018 an yafe wa wadda ta haura shekara 40, bisa sharaɗin ba a yi mata babban sauyi ba cikin shekaru 30 da suka wuce. Fijo ta Kaduna da wuya ta ci moriyar irin wannan rangwame: injinta na wata ne, ƙofarta ta wagon ce, kujerunta ma ba a san asalinsu ba. Kuma tsofaffin motocin can yawanci na sha'awa ne, ana fito da su jefi-jefi, ta nan kuwa buhunan masara take kaiwa kasuwa.

Saboda haka cin jarrabawar 504 ya rataya ne a kan mai ita fiye da shekarunta. Wadda ake kula da wayoyinta, ake canza mata man birki da robobi, ake saya mata taya mai kwanan wata, tana wucewa shekara bayan shekara, kayan gyaranta kuma ba su yi wuyar samu a kasuwa ba. Wadda ake shirya wa da kayan aro kuwa, ko ta tsallake da safe, da yamma za a mayar wa masu kaya kayansu, ta koma kan suɗaɗɗun tayoyinta ɗauke da iyali. Takarda ba ta tsayar da mota a gangare, birki ne ke tsayarwa.