Ga 'Yan "Ai Mu Ma Haka Muka Tashi"

'Yan majalisar musu, ma'abota benci da kofin shayi, waɗanda ko an ce musu gari ya waye sai sun leƙa waje tukuna. Yau da ku nake. Na san kafin in rufe baki daga faɗin "gubar dalma" wani ya riga ya tura hula gaban goshi ya ce, "Ka ji su kuma, an samo sabon abin tsorata talaka." To Alhaji, ajiye kofin kada ka ƙware, maganar da ɗan tsawo.

Hujjarku ta farko na haddace ta: ai mu ma haka muka tashi. A turɓaya muka yi rarrafe, mun ci ƙasa mun ƙoshi, kakanninmu sun rambaɗa mana tozali tun kafin a yanka ragon suna, ga mu nan garau. Madalla da garau. Amma wa ya auna? Dalma ba ƙyanda ba ce da za ta feso kowa ya gani. In kaɗan ta shiga jiki, ba zazzaɓi ba ƙurji, sai ta samu wuri a jini da ƙashi ta zauna, tana rage wa yaro kaifin ƙwaƙwalwa da natsuwa sannu a hankali. Yaron da ya shekara uku a kan allo ɗaya, aka ce daƙiƙi ne aka yi ta zuba masa dorina, ba wanda ya taɓa ɗibar jininsa ya duba. Ban ce kai ne ba, Malam. Sai dai tunda har yau in mai shayi ya ba ka canji sai ka ƙirga sau uku sannan ka miƙa wa na kusa ya tabbatar, rage bugun ƙirjin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a kira "ba komai". Cikin ƙaramin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da cikin babba zai tsotsa, in kuma yaron ba ya samun abinci mai gina jini da ƙashi, tsotsar ta fi haka, domin jikin yana karɓar dalmar a matsayin abin da ya rasa. A 2020 Asusun UNICEF ya fitar da rahoton da ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, wajen miliyan 800, yana ɗauke da dalma a jini da ta kai maikirogiram 5 a desilita ko fiye. Na ga wani ya taɓe baki, wai lissafin ofis ne. To mu bar ofis, mu tafi Zamfara.

A farkon 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, yara suka riƙa amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai suma, sai rasuwa. Wasu suka ce sanƙarau ne, wasu zazzaɓin cizon sauro, aka ba da magungunansu, ba sauƙi. A watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitoci Na-gari-na-kowa, MSF, suka ci karo da lamarin, da aka aika jini waje aka auna sai ga dalma. Da masu bincike suka bi gida gida a Dareta da 'Yargalma, suka tarar cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. Na'urar awon da aka zo da ita iyakarta 65, jinin yara da yawa ya wuce inda take iya karantawa. Jimillar waɗanda suka rasu a yankin ta kai 400 ko fiye. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. A nan ba zolaya.

Yadda abin ya faru kuwa ba wani sihiri. Farashin zinare ya tashi a duniya, manoma suka ga dutsen bayan garinsu ya fi gero kawo kuɗi. Dutsen nan kuma maƙare yake da dalma. Aka riƙa kwaso shi a buhuna zuwa cikin gari, ana farfasawa, ana daka shi a turmi a tsakar gida, ana niƙa shi busasshe a irin injin da ake niƙa hatsi, ana shanya garin inda yara ke wasa. Ƙura ta bi ɗaki, ta bi tabarma, ta bi kwanon tuwo. A wasu wuraren an auna ƙasa an samu dalma fiye da kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ta sa a lokacin wa filin wasan yara 400 ce. Mai rarrafe kuwa, duk abin da hannunsa ya taɓa bakinsa ne masauki.

Yanzu ga Malam na can ƙarshen benci, mai rediyo a kunne, wanda ya san sirrin duk duniya: wai makirci ne, Turawa ke son su tsorata mutane su gudu su bar musu zinaren. Ranka ya daɗe, kafin yara su fara kwanciya, agwagin ƙauyukan ne suka fara mutuwa, saboda su ke kiwo a kududdufan da ake wanke garin dutsen. Su ma Bature ne ya kira su gefe ya ba su na goro suka yarda su mutu? Likitocin nan sun shafe fiye da shekara 11 a Zamfara, sun auna yara sama da 8,000, a 2022 suka miƙa aikin ga gwamnatin jiha suka tattara kayansu. Zinaren yana nan, masu haƙarsa suna nan. In makirci ne, to an samu ragwayen 'yan makirci.

Shi kuma Liman na gefe ya ce ƙaddara ce, kwana ne ya ƙare. Allah gafarta Malam, ba mai ja da wannan. Amma na lura babur ɗinka kullum da kwaɗo biyu kake ɗaure shi a ƙofar masallaci, ban taɓa jin ka ce a bar shi a buɗe in rabon ɓarawo ne zai ɗauka ba.

Wanda ya fi ba ni wahala a cikinku shi ne ɗan bokon majalisa, mai cewa laifin iyaye ne, jahilci ne, a wayar musu da kai su riƙa wanke wa yara hannu. Yallaɓai, sannu da turanci. Uwar da tsakar gidanta gaba ɗaya guba ce, sau nawa za ta wanke hannun mai rarrafe kafin azahar? Ko asibiti bai isa ba. Akwai maganin da ake ba yaro ya kamo dalmar daga jini ta fita ta fitsari, ana sha na makonni, wani yaron sai an maimaita masa sau da yawa. Amma in ka ba shi ka mayar da shi gidan da bai canza ba, ɗiban ruwa da kwando ka yi. Kuma maganin yana ceton rai ne, ba ya mayar da abin da ƙwaƙwalwa ta riga ta rasa. Akwai yaran da suka rayu amma suka makance, ko suka kurumce, ko ƙafa ta shanye. Shi ya sa likitocin suka kafe a kan cewa sai an share gari kafin a fara magani: a kankare saman ƙasar kowane gida da kowane lungu, a loda a buhuna, a kai rami na musamman a binne, a zubo sabuwar ƙasa mai tsabta. Wannan ba aikin tsintsiyar uwar gida ba ne. Aikin hukuma ne, da kasafi da ma'aikata da motocin ɗiba.

An share ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011. Saura Bagega, wadda ta fi su girma, inda yara wajen 1,500 ke jiran magani. Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850 a 2012, kuɗin suka yi ta yawo tsakanin tebur da tebur a Abuja, likitoci na zaune da magani a hannu ba damar farawa. Sai da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam da wasu matasa, irin su Hamzat Lawal, suka tayar da ƙura a intanet da taken ceton Bagega, sannan Shugaba Goodluck Jonathan ya amince aka saki kuɗi a ƙarshen Janairun 2013. Ku da kuke cewa surutun 'yan waya ba ya tsinana komai, ga guda ɗaya da ya tsinana. Watannin da fayil ya yi yana barci kuwa, yaran Bagega a cikin ƙurar suka yi su. Sai ga shi a 2015 abin ya sake ɓulla a Shikira, ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu, sanadi iri ɗaya, kamar ba a taɓa ganin irinsa ba.

"To a hana haƙar mana kowa ya huta!" In ji Alhajin da albashinsa ke shigowa ta waya duk ƙarshen wata. Sauƙin faɗa. Mutumin da ya ga abin da buhun dutse ke kawowa ba zai koma jiran damina don an karanta sanarwa a rediyo ba. Tsoron hanin ne ma ya sa a farkon lamarin wasu suka riƙa ɓoye mace-macen da aikin niƙan. A Afrilun 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara, saboda 'yan bindiga, ba saboda dalma ba, aka ɗage hanin a Disamban 2024. Ku tambayi mutanen Anka ko ramukan sun yi hutun shekara biyar. Abin da aka gwada ya yi aiki ba shi da armashin sanarwa: a fitar da niƙa daga cikin gari, a riƙa jiƙa dutsen ana niƙa shi da ruwa don kada ƙura ta tashi, ma'aikaci ya yi wanka ya sauya tufafi a wurin aiki kafin ya koma gida ya ɗauki ɗansa. Amma wa zai haƙa rijiyar burtsatse a wurin niƙan, wa zai yi wa mahaƙa rajista, wa zai riƙa zagayawa yana dubawa? Ba mai shayi ba dai.

Kuma kada ku ce doka ba ta taɓa yi muku rana ba, don ta yi ba ku sani ba. Shekara da shekaru fetur ɗin da ake zuba wa motoci da dalma a cikinsa, hayaƙin yana bin kowace tasha da kowace kasuwa. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina a farkon 2006, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021. Akwai wanda ya zo majalisarku ya wayar muku da kai? Akwai wanda ya ce ku wanke hannu bayan kun sha mai? An gyara abin daga matata da tashar jiragen ruwa, kuna nan kuna musu a kan ƙwallo. A Amurka, bayan cire dalma daga fetur da hana fentin gida mai dalma a 1978, dalmar jinin yaransu ta ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari.

Na hango Gwaggo ta ɗaura ɗankwali ta riƙe tandu, wai kada wanda ya kuskura ya taɓa mata tozali. Gwaggo, ina kwana, ba faɗa na zo ba. Ba wanda ya ce ido ya zauna fari fat. Amma dutsen nan mai ƙyalli da ake sayowa a kasuwa a daka, sau da yawa dutsen dalma ne tsagwaronsa. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin wani jariri a Boston, ɗan wasu 'yan Najeriya, da aka samu dalma a jininsa, da aka bi sawu sai ga tozalin da aka kai musu daga gida, an auna shi dalma ta haura kashi 82 cikin ɗari. Jariri ya murza ido, ya sa yatsa a baki, shi ke nan. Ke ba ki da na'urar awo a ɗaki, mai koli ma ba shi da ita. NAFDAC ce ya kamata ta auna ta ce wannan a sa, wancan a kwashe daga kasuwa. Kafin nan, a yi wa jikan haƙuri da tozalin, kyansa ba zai gudu ba.

Ku kuma Kanawa da Zazzagawa da kuke murmushi wai ku ba ku da ramin zinare, ku leƙa bayan layinku. Ina ake kai tsohon batirin mota da na sola in ya mutu? Wa ke fasa shi, a ina ake narka dalmar, yaran wa ke tsince-tsince a wurin? A Thiaroye, wata unguwa a gefen Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008 saboda sana'ar fasa batir, ba zinare ko ƙwaya. Ga fenti mai sheƙi da ake shafa wa azuzuwa da ƙofofi, wanda ma'aunin da ake ba ƙasashe shawara a kansa shi ne kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan, amma gwangwanin ba ya magana sai an auna shi.

Saboda haka 'yan majalisa, ban ce ku daina musu ba, na san in kun daina ciwo za ku yi. Sauya masa alƙibla kawai za ku yi. In ɗan takara ya zo da shinkafa da atamfa, ko kansila ya tsaya gaisuwa, ku tare shi da irin bakin da kuke tare ni: asibitin garin nan yana iya auna dalma a jinin yaro? Nawa aka sa a kasafin jiha don haka, nawa aka saki? Injin niƙan dutse da wurin fasa batir da ke cikin unguwa, yaushe za a ba su fili a bayan gari? Kada ku bar shi ya shiga mota sai ya faɗi rana da wata.