Ranar da Kwamfuta Ta Ƙi Sanin 'Yar'uwarta

A wani shagon buga takardu da ke Rano, inda 'yan Fammar da sauran ƙauyukan Kibiya ke zuwa cike fom, akwai ɗakuna biyu. Lambobin kwamfutocin ɗakin gaba da 192.168.1 suke farawa, na ɗakin baya kuma da 192.168.2. Unguwa biyu ke nan, rawuta na tsaye tsakani kamar sarkin ƙofa. Kwamfuta in tana cigiyar 'yar'uwarta da suna, shela take yi irin ta sankira, shi kuwa sarkin ƙofa ba ya barin shela ta tsallaka wata unguwar. Ranar da ɗakin gaba ya nemi kwamfutar da ke riƙe da firinta a baya ya rasa, ga masu maganin da suka hallara.

Na farko shi ne Malam Kashe-Kunna. Ciwo ko wane iri ne, maganinsa ɗaya. Ya kashe kwamfuta, ya kashe rawuta, har fankar sama bai bari ba. Da aka kunna abu bai gyaru ba, sai ya ce, "Ai ba ku bari ta huce ba ne."

Sai Sarkin Zargi, wanda tun daga bakin ƙofa ya yanke hukunci: sabis ne babu. Ya fita tsakar rana yana ɗaga waya sama kamar mai duban watan Sallah, alhali kwamfutocin nan bango ɗaya ne tsakaninsu, ba ruwansu da eriyar kamfani.

Ga kuma Ɗan Birni, wanda ya taɓa wata uku a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Shi wayar haɗi yake tuhuma. Ya zare ta, ya hura mata iska, ya yanke kanta ya sa sabo, ya karɓi kuɗin aiki. Wayar kuwa dama ƙalau take.

Mafi haɗari shi ne Mai Fomatin. Da ya ji "ba ta gani", sai ya naɗe hannun riga ya ce da mai shago: "Alhaji, a wanke ta kawai." Gyaran gangar Auzinawa ke nan, da an biye masa, da takardun mutanen gari guda sun bi ruwa.

Na biyar Ɗan Filas ne. Bai yi musu da kowa ba. Ya kwafi takarda a filas a ɗakin gaba, ya taka zuwa baya ya buga, ya dawo ya sake. Sawu arba'in kafin azahar. Duk shagon shi kaɗai ne hanyar sadarwar da ba ta taɓa yankewa, sai in an kira salla.

Can a kusurwa akwai wata 'yar bautar ƙasa da ba a tambayi ra'ayinta ba. Ta buga ping da lambar kwamfutar baya, amsa ta zo. Ta buga da suna, shiru. Ta ce da mai shago, "Baba, hanya lafiya lau, suna ne ba a sani ba a wannan unguwar." Babban ofis kan ajiye mai unguwa mai rajistar sunaye, wato DNS, wanda aka ƙirƙiro tun 1983, ko tsohon WINS na Microsoft. Ƙaramin shago kuwa layi ɗaya ya ishe shi: ta buɗe fayil ɗin hosts, ta rubuta lamba da suna gefe da gefe.

Tana gamawa aka ɗauke wuta. Aka tada janareta, kwamfutoci suka tashi, firinta ta fara aman takarda. Malam Kashe-Kunna ya gyara zaman hula ya ce, "Me na faɗa muku tun safe?" Alhaji ya aika a sayo masa lemo mai sanyi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.